Me Ya Sa Istanbul Ke Cika Da Baƙi, Wasu Manyan Biranen Kuwa Shiru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan je Istanbul saro kaya a unguwar Laleli. Duk zuwan da na yi sai in tarar da garin maƙil da 'yan yawon buɗe ido, rani da damina. Ga birane irin su Legas da Kinshasa da Daka ta Bangladesh, jama'a kamar ƙasa, amma ban taɓa jin ana tururuwar zuwa kallonsu ba. Shin girman gari ne ke jawo baƙi, ko tarihi, ko kuɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara cire girma daga lissafin. Mazauna Dubai ba su kai miliyan 4 ba a 2023, amma a shekarar ta sauki baƙi sama da miliyan 17 daga ƙasashen waje. Istanbul mai mutum miliyan 15 da ɗoriya ita ma abin da ta samu ke nan, sama da miliyan 17. Ka ga ɗaya ta ninka ɗaya sau huɗu a yawan jama'a, baƙinsu kuwa kunnen doki.

Abin da ya kamata a gane shi ne ɗan yawon buɗe ido ba irinku ba ne. Ɗan kasuwa zai jure cunkoso da tsada da wulaƙancin hanya, domin riba tana jiransa a gaba. Mai yawo kuwa hutunsa ƙidayayye ne, yawanci kwana uku zuwa biyar yake bai wa gari ɗaya, bai san kowa ba, kuma ba ya jin yaren. Lissafinsa guda ne: a cikin waɗannan kwanaki, abubuwa nawa zai iya gani da ƙafarsa ba tare da wani ya riƙe masa hannu ba? Garin da ya ba shi amsa mai daɗi, shi ke cin kasuwar.

A nan Istanbul ta yi wa takwarorinta zarra, kuma kai ma kana wucewa ta wurin. Daga Laleli, in ka hau taragon nan na kan titi mai lamba T1, tasha ta uku ita ce Sultanahmet. Kana sauka ga Aya Sofiya a gabanka, ginin da aka kammala a 537 a matsayin coci, ya koma masallaci a 1453 lokacin da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci garin, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan ya sake komawa masallaci a 2020. Juya bayanka, ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. A bayan Aya Sofiya fadar Topkapi take, inda sarakunan Turkiyya suka zauna kusan shekara 400, kuma a can ake ajiye kayan da ake jinginawa ga Annabi (SAW), har da alkyabba da takubba. Tsallaka titi, ka sauka ƙarƙashin ƙasa, ga tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta zamanin Rumawa mai ginshiƙai 336. Babbar kasuwar nan mai rufi, mai shaguna wajen 4,000, tasha biyu ce kacal daga nan. Mutum zai iya gama waɗannan duka cikin yini ɗaya da rabi bai shiga mota ba ko sau ɗaya. Musulmi ya sami abin da ya kawo shi, Kirista ya samu, mai son ciniki ya samu, duk a unguwa guda.

Gwada da Alƙahira, za ka ga tarihi kaɗai bai isa ba. Dala ta Giza, wato kushewar fir'aunoni, ta girmi waɗannan gine-ginen na Istanbul da dubban shekaru, ga Azhar da aka kafa tun ƙarni na 10, ga kasuwar Khan al-Khalili. Sai dai Giza tana can yamma da kogin Nilu, Azhar tana gabas, kuma abin da ke tsakaninsu cunkoson motoci ne da kan cinye wa mutum rabin safiya. Baƙon da ya ware kwana uku zai ga ƙasa da abin da ya yi niyya, ya koma a gajiye. Duk da haka Alƙahira tana samun miliyoyin baƙi, domin dala ba ta da na biyu.

Sai maganar isowa. Kamfanin Turkish Airlines ya fi kowane kamfanin jirgi a duniya yawan ƙasashen da yake sauka, sun haura 120, kuma kusan dukkan jiragensa ta Istanbul suke bi. Har yawon kyauta yake shirya wa fasinjan da zai jira wani jirgin na tsawon awa 6 zuwa 24, a zaga da shi cikin gari a dawo da shi. Wanda aka ɗanɗana wa gari a yini ɗaya, shi ne zai dawo da iyalinsa baɗi. Dubai ma ta wannan ƙofa ta shigo: ta kafa Emirates a 1985, ta fara bikin sayayya na shekara-shekara a 1996, ta buɗe Burj Khalifa mai tsawon mita 828 a 2010. Ba ta da Aya Sofiya, sai ta gina abin kallo da kuɗinta, ta sauƙaƙa wa ƙasashe da yawa biza. Garin da sai an canza jirgi biyu kafin a isa, an kuma yi makonni ana zaryar ofishin jakadanci, ya yi asarar mai yawo tun yana gida, domin akwai gari goma da ke ce masa zo gobe.

Bayan an sauka, ƙananan abubuwa ne ke yanke hukunci. Kati ɗaya na Istanbulkart yana biyan tarago da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. Da kuɗin da bai taka kara ya karya ba mutum zai hau jirgin ruwa a Eminonu ta ɓangaren Turai, ya sha shayi a ƙaramin kofin gilashi, cikin minti ashirin ya sauka a Asiya. Masauki akwai na kowane aljihu. Abinci halal ne ba sai an yi tambaya ba, wanda shi ya sa Larabawan yankin Gulf ke kwararowa da iyalansu lokacin zafi. Legas tana da kiɗa da bakin teku da shagulgulan Disamba da ke dawo da 'yan Najeriya mazauna waje, amma waɗannan suna da ɗan uwa mai ɗauko su a filin jirgi. Baƙon da ba shi da kowa, motsi daga wannan unguwa zuwa waccan ne babbar matsalarsa.

Abin da ke rusa wannan duka cikin dare ɗaya shi ne tsoro. A 2016 an kai hari a dandalin Sultanahmet a watan Janairu, an kai wani a filin jirgin Ataturk a Yuni, aka yi yunƙurin juyin mulki a Yuli. Baƙin Turkiyya suka faɗo daga wajen miliyan 36 a 2015 zuwa wajen miliyan 25. Masar ta samu miliyan 14.7 a 2010, juyin juya halin 2011 ya mai da su ƙasa da miliyan 10. Gine-ginen suna nan yadda suke, ba abin da ya taɓa su. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye ne ke soke zuwa da zarar gwamnatocinsu sun fitar da gargaɗi, kuma dawo da su aikin shekaru ne.

Kada a ɗauka Istanbul ba ta da aibu. Sabon filin jirgin da ya fara aiki gadan-gadan a 2019 yana da nisan kilomita 40 ko fiye daga tsohon gari, kuma jirgin ƙasan da ke zuwa can ba ya kai mutum Sultanahmet kai tsaye, sai an canza. Ƙorafi kan direbobin tasi masu ƙin kunna mita tsohon zance ne. Arahar da faɗuwar darajar lira, kuɗin Turkiyya, ta kawo, hauhawar farashi ta cinye mafi yawanta, kuma tun farkon 2024 baƙon da ya je kallon Aya Sofiya yuro 25 yake biya. Cikar ma kanta cuta ce: Benis ta Italiya ta fara karɓar yuro 5 a 2024 daga masu shigowa yawon yini ɗaya a wasu ranaku, Basalona kuma ta ce nan da 2028 za ta soke lasisin gidajen da ake bai wa baƙi haya na 'yan kwanaki, saboda sun sa 'yan gari ba sa iya biyan haya.

In ka samu sarari a zuwanka na gaba, Alhaji, ware yini guda ka gwada abin da muka faɗa da ƙafarka. Ka dai guji Talata, ranar fadar Topkapi a rufe take, kasuwar mai rufi kuma ba ta ci ran Lahadi. Ka fara da Topkapi tun ana buɗe ƙofa, kafin manyan motocin baƙi su iso, domin layin ɗakin kayan Annabi (SAW) shi ne ke fara tsawo.