Daɗin da nake ji cikin iyalina ya fi na nafila: shin son duniya ne ya kama ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni magidanci ne a nan Sakkwato, ina da rumfar hatsi a kasuwa. Tun ina saurayi na saba in an sallame Magariba ba ni fita masallaci sai an yi Isha'i, ina nafila ina lazimi. Yanzu da Allah ya ba ni ɗiya, sai na iske zuciyata na janye ni gida. In na yi Magariba sai in koma, a shimfiɗa tabarma tsakar gida, uwargida ta damo fura, yara su kewaye ni, wannan ya biya mini allonsa, ƙaramar ta hau bayana tana jan hulata, sai an kira Isha'i in fita. Wallahi Malam, daɗin da nake ji a wannan lokaci ya fi wanda nake ji a nafila. Wani abokina da muke sahu ɗaya ya ce son duniya ne ya kama ni, har ya karanta mini ayar da ke cewa dukiya da ɗiya fitina ne. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin ina da laifi? In koma zaman masallaci in bar su?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba ka da laifi. Abin da kake yi halas ne, kuma idan ka gyara niyya lada ne ake rubuta maka. Ba na ba ka shawarar ka bar shi. Tunda kana sallar Magariba cikin jam'i, ka dawo Isha'i cikin jam'i, babu wani wajibi da ka tozarta. Zaman masallaci tsakanin sallolin nan biyu mustahabbi ne mai falala, wanda ya yi ya samu lada, wanda ya bari bai yi zunubi ba. Tarbiyyar 'ya'ya kuwa da kyautata wa mace wajibi ne a wuyanka, Allah ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6, ku kare kanku da iyalanku daga wuta. Mai rumfa a kasuwa da ke fita tun hantsi bai dawowa sai yamma, in bai ba iyalinsa wannan lokaci ba, wane lokaci ya rage musu?

Wannan tsoro da ya kama ka ya taɓa kama wanda ya fi mu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi (SAW), ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce masa: Hanzala ya yi munafunci. Abubakar ya ce: Subhanallah, me kake faɗa? Ya ce: muna gaban Manzon Allah yana tuna mana wuta da aljanna kamar muna ganinsu da ido, amma da mun fita mun cuɗanya da mata da 'ya'ya da gonaki sai mu manta da yawa. Abubakar ya ce wallahi shi ma yana samun irin haka. Suka tafi tare suka faɗa wa Annabi (SAW). Ya ce musu da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, "amma ya Hanzala, lokaci da lokaci", har sau uku. Ka lura, Annabi bai ce masa ya rage zama da matarsa da 'ya'yansa ba. Ya nuna masa cewa haka aka halicci ɗan Adam, akwai lokacin da zuciya ke narkewa a majalisin wa'azi, akwai lokacin iyali, kuma duka biyun cikin rayuwar mumini suke.

Yanzu mu zo kan ayar da abokinka ya karanta maka. Gaskiya ce, tana cikin Suratut Tagabun, aya ta 15. Sai dai fitina a nan jarrabawa ce, kuma Allah yana jarraba bawa da alheri kamar yadda yake jarraba shi da sharri. Ayar da ta zo kafinta, aya ta 14, wadda ta ce daga cikin matanku da 'ya'yanku akwai maƙiyanku, Tirmizi ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne kan wasu mutanen Makka da suka musulunta suka yi nufin hijira zuwa wurin Annabi (SAW), matansu da 'ya'yansu suka hana su. Ka ga iyalin da ake nufi, waɗanda suka tare mutum daga wajibi. Yaron da ke biya maka allonsa daga wane wajibi ya tare ka?

Kuma dubi yadda wanda aka saukar wa ayar ya yi aiki da ita. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Buraida cewa Annabi (SAW) yana kan mumbari yana huɗuba sai Hasan da Husaini suka shigo sanye da jajayen riguna, suna tafiya suna tuntuɓe. Ya sauko ya ɗauke su, ya ce Allah ya yi gaskiya, dukiyarku da 'ya'yanku fitina ne, na dubi yaran nan suna tafiya suna tuntuɓe ban iya haƙuri ba sai da na yanke maganata na ɗauke su. Ya karanta ayar yaran suna hannunsa. Duk wanda ya ɗauki ayar nan ya mai da ita dalilin nesanta da 'ya'ya ya fahimce ta saɓanin yadda Annabi ya fahimce ta. A cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim kuma, Abu Ƙatada ya ba da labarin Annabi (SAW) yana salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. To ƙaramarka da ke hawa bayanka bayan an sallame, ina laifinta, ina naka?

Abin da na ga ya fi damunka shi ne cewa daɗin gida ya fi daɗin nafila a zuciyarka. Malamai sun bambanta son da ke cikin ɗabi'a da son da shari'a ta ɗora wa bawa. Mai ƙishirwa a tsakiyar bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura maki 40, in aka miƙa masa ruwan randa zai ji daɗin da bai ji ba a raka'o'in walaha, kuma babu malamin da zai ce imaninsa ya ragu. Son 'ya'ya daga wannan babi yake, Allah ne ya dasa shi. Son Allah da Manzonsa da aka wajabta mana ana gane shi ne a lokacin da abu biyu suka ci karo. Ladan ya kira salla hira ta yi daɗi, ka miƙe ko ka zauna? Yara suna son kayan salla, hanyar da ta buɗe ta haram ce, tauye mudu ko gauraya tsohon gero da sabo, ka bi ko ka haƙura? Nan ne ma'aunin ayar Suratut Tauba ta 24 da ta Suratul Munafiƙun ta 9, wadda ta ce kada dukiyarku da 'ya'yanku su shagaltar da ku daga ambaton Allah. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. Wannan kusan shi ne abin da ka siffanta mini da kanka.

Ina so ka san cewa abin da kake jin tsoronsa addu'ar bayin Allah ce aka amsa maka. A ƙarshen Suratul Furƙan, aya ta 74, bayin Mai Rahama waɗanda ke kwana suna sujada da tsayuwa su ne ke roƙon Allah ya ba su sanyin ido daga matansu da zuriyarsu. Mutane nawa ne a garin nan ke kuka cikin dare suna neman ɗa ɗaya? Nawa ne ke da mata da 'ya'ya amma shiga gidan ya zame musu nauyi, suna raɓewa a majalisa har sai kowa ya yi barci? Annabi (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Tirmizi ya ruwaito. A wannan zamani da 'yan'uwanmu na gabashin jihar nan da yawa suka bar garuruwansu saboda rashin tsaro, wanda ya samu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa da dare, iyalinsa cif a gabansa, godiya ce ta hau kansa. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Allah yana yarda da bawa ya ci abinci ya gode masa, ya sha abin sha ya gode masa. Furar nan da uwargida ke damawa, in ka yi bisimilla ka ƙare da hamdala, ta shiga wannan hadisi. Kuɗin geron da nonon ma sun shiga wani, domin Annabi ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa babu abin da zai ciyar don neman yardar Allah face an ba shi lada, har lomar da yake sa wa matarsa a baki.

Akwai wata al'ada tamu da nake ganin tana da hannu a maganar abokinka, ko da shi bai sani ba. An tashe mu a kan cewa dattakon uba shi ne ya tsuke fuska a gida, yara su watse in ya yi sallama, ɗan fari kuwa ko sunansa ba a kira, balle a yi wasa da shi. Kunya aba ce mai kyau, amma ba a mai da al'ada addini. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Idan kana da ɗan fari da kake kawar wa kai saboda al'ada, ka jawo shi tabarmar nan shi ma, yana da haƙƙi daidai da na ƙaramar.

Mu mutanen Sakkwato ma ba mu da uzuri a wannan babi. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a garin nan a 1817, ya yi kakkausan zargi a Nurul Albab ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Gidansa ne ya fitar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da mata. Irin waɗannan 'ya'ya ba sa fitowa daga gidan da uba baƙo ne a cikinsa.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. Nafilar da ka saba kada ka yar da ita, ka ɗauke ta ka kai gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Sabit cewa mafificiyar sallar mutum ita ce ta gidansa in ban da farilla. Ka yi raka'a biyun bayan Magariba a tsakar gida inda yara ke ganinka, za ka ga ƙananan suna tsayawa bayanka suna kwaikwayo tun ba a ce musu komai ba. Lazimin da ka riƙe kana iya mai da shi bayan Asuba ko kafin ka kwanta. A cikin zaman nan ka ware ɗan lokaci kaɗan na karatu, sura ɗaya a biya, ko mas'ala ɗaya ta tsarki daga Ahalari da uwargida ma za ta amfana, amma kada ka mai da zaman gaba ɗaya makaranta har yara su fara gudunsa. Dariya da labari da tatsuniya mai tsabta su ma suna da gurbinsu. Idan ka dawo daga Isha'i kuka ɗan taɓa hira da maiɗakinka babu karhanci, Ibnu Abbas ya ce ya kwana a ɗakin innarsa Maimuna, Annabi (SAW) ya yi hira da iyalinsa na ɗan lokaci sannan ya kwanta. Sharaɗi kawai kada hirar ta ci sallar Asuba.

Abu biyu zan ja kunnenka a kansu. Ka ambaci ƙaramar da wani irin so da ya fito fili a wasiƙarka. Zuciya ba a hannunka take ba, amma tsaraba da kyauta da sakin fuska suna hannunka. Annabi (SAW) ya ce wa Bashir, mahaifin Nu'uman, da ya keɓe ɗa ɗaya da kyauta: ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. In ka sayo ƙuli-ƙuli ko rake, kowa ya samu rabonsa. Na biyu, ka rufe wannan ni'ima. Ba sai ka ɗauki hoton iyalinka ka baza a Facebook ba, ba kuma sai ka riƙa ba da labarinta a gaban wanda Allah bai ba haihuwa ba. Ka riƙa yi wa yaran addu'ar tsari da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini.

Abokinka kuwa kada ka riƙe shi a zuci, alheri ya nufe ka da shi gwargwadon saninsa. Shi in yana da halin zama masallaci ba tare da tauye haƙƙin kowa ba, ya ci gaba, Allah ya karɓa masa. Ka karanta masa hadisin Hanzala da na Buraida cikin ladabi. Ranar da ka samu sarari, kamar daren da iyali suka tafi unguwa, ka zauna tare da shi har Isha'i yadda kuka saba.

Wallahu a'alam.