Me Zan Shuka Don Malam-Buɗe-Littafi Da Maƙesu Su Zo Gidana?

Tambaya: Ina zaune a Kubwa, Abuja. Na cika tsakar gida da furannin da na saya a bakin titi, amma malam-buɗe-littafi ba ya zama, maƙesu masu walƙiya da dare kuwa ko ɗaya ban gani ba. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, fure yana ciyar da malam-buɗe-littafin da ya girma ne kawai. Uwar ba ta saka ƙwai sai a kan ganyen da tsutsarta ke ci, kuma yawancin furannin ado baƙi ne, tsutsar nan ba ta san su ba.

Ki fara da tafasa ko rai-ɗore, su ne abincin tsutsar fararen malam-buɗe-littafi da masu ruwan ɗorawa. Ɓawon irinsu na da tauri, don haka ki jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, ki shuka a watan Mayu in damina ta kankama, tazarar kamu biyu. Tumfafiya ita ke kawo jan nan mai baƙin gefe da ɗigon fari. Tana son rana da wurin da ruwa ba ya kwanciya, amma ki nisanta ta da yara, ƙaronta na yi wa ido mummunar illa. Ki dasa reshen shuwaka mai tsawon santimita 30, ki bar guda biyu ba a tsinka, su yi fure da rani lokacin da abinci ya yi ƙaranci.

In kin ga ganye ya yi huji-huji, aikin ya yi kyau ke nan. A nan mutane da yawa ke ɗauko maganin feshi su kashe abin da suka gayyato. Don Allah kada ki fesa.

Maƙesu sun fi wuyar sha'ani. Tsutsarsu a ƙasa mai laima take rayuwa, tana cin ƙananan dodon koɗi, shi ya sa gidan da aka malale da siminti ba ya riƙe su. Ki ware lungu mai inuwa, ki tara busasshen ganye kaurin taƙi ɗaya da guntun itace mai ruɓewa, ki bar ciyawa ta yi tsawo, ki riƙa yayyafa ruwa da rani. Laima ake so, ban da kwantaccen ruwa, don sauro kan girma a cikinsa daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10.

Sai batun fitila. Da walƙiya namiji da mace ke neman juna, hasken fitilar tsaro kuwa yana dusashe ta. Ki kashe ta ɓangaren lungun daga magariba, ko ki sunkuyar da kanta ƙasa. Malam-buɗe-littafi zai iya zuwa a daminar farko, maƙesu kuwa sai kin yi haƙuri, musamman in gidan ya yi nisa da rafi ko fadama.