Kar ka kashe masa sabuntawa

Ka ce mai shagon buga takardun nan yana so ka haɗa masa Wi-Fi, kwamfutocinsa su hau, kwastomomi ma su hau da wayoyinsu, kuma ka kashe masa sabuntawar Windows don tana cinye masa data. Kana tambaya ko doguwar kalmar sirri ta wadatar. Ajiye sukudireban nan ka zauna, yaro, ka fama mini tsohon miki.

Canza kalmar sirrin da rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) ta zo da ita, sa tsarin tsaro na WPA2, kashe WPS mai barin na'ura ta hau ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai san wannan ba bai isa ya ce a Farm Center, kasuwar wayoyi ta Kano, ya koyi aiki ba.

A farkon 2017 na yi wa wani Alhaji irin wannan aikin. Kwamfuta shida, duk Windows 7, a shago kusa da wata babbar makaranta. Na ce a ware wa baƙi layinsu daban, ya ce kuɗinsa nake so in ci. Na ce a bar sabuntawa a kunne, ya ce ni zan riƙa saya masa data? Da yake akwai cikon kuɗina a hannunsa, sai na bi son ransa, na kashe da hannuna. Ni da na shekara goma ina wannan sana'a a lokacin!

A watan Maris Microsoft ta fitar da gyaran wata kafa da ke cikin hanyar da kwamfutoci ke raba fayil a tsakaninsu. Injinan Alhaji ba su samu ba. A watan Mayu cutar kwamfuta mai suna WannaCry, mai bi ta wannan kafar, ta ɓarke, wadda ta sa asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wani ɗalibi ya shigo da kwamfutarsa mai ɗauke da cutar, aka ba shi kalmar sirri kamar kowa. Bai danna komai ba, bai sa filashi ba. Da kanta ta bi layin ta shiga shidan nan. Kafin la'asar kowane allo ya yi ja, ana neman fansar dala 300 a kuɗin intanet na Bitcoin. Ayyukan kammala karatu na ɗalibai, lissafin shago, hotunan biki, duk an kulle.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? A gaban dattawan kasuwa mutumin nan ya rantse bai taɓa cewa in kashe komai ba. Ba takarda, ba shaida. Ya kai ni wurin 'yan sanda, ya riƙe cikona, na sayar da babur ɗina na biya abin da aka yanke. Wata uku ana nuna ni da baki. Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a sai na canza sahu.

To, shi wannan mai shagon naka, ka buɗe masa layin baƙi a rautar, ka kunna abin da ke hana na'urorin baƙi ganin juna da ganin injinan aiki. Sabuntawa ka saita ta cikin dare, ya sayi datar dare mai araha. In Windows 7 ce a kai, ka faɗa masa tun Janairun 2020 aka daina kula da ita, Windows 10 ma an sallame ta a Oktoban 2025. Ya sayi rumbun ajiya na waje, a kwafe aiki duk Alhamis, a cire shi daga jiki a sa a durowa.

Ku kuma yaran yanzu, da kun ga Wi-Fi na kyauta a otal ko filin jirgi jikinku na rawa. Kowa zai iya buɗe Wi-Fi daga wayarsa ya sa masa sunan otal ɗin, ya zauna yana jiran irinku. Jiya na gan ka kana tura kuɗi a kan layin maƙwabci. Harkar banki da datarka ake yi, in kuma kwamfuta ta tambaye ka wane irin layi ne, ka zaɓi na jama'a.

In mai shagon ya dage sai an kashe sabuntawa, ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, da shaidu biyu. In ya ƙi, ka tattaro kayanka ka dawo. Gobe da safe ka kawo mini rautar in duba kafin ka kai masa.