Tambaya da Amsa: Shin Katin Memori Zai Rage wa Laftof Nauyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Laftof ɗina tsohuwa ce, RAM ɗinta giga 4, kuma Windows 10 ce a kanta. Tana yin nauyi sosai wajen tashi, haka ma idan zan buɗe Word ko Chrome. Wani ya ce in saka mata katin memori a ramin da ke gefenta, wai zai zama ƙarin RAM. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma katin ba zai taɓa zama RAM ba, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai. Abin da yake nufi shi ne ReadyBoost, dabarar da Microsoft ta fara sakawa a Windows Vista a 2007, lokacin da yawancin laftof ke zuwa da RAM giga ɗaya ko ƙasa da haka.

Faifan ajiya na HDD, wanda yawancin tsofaffin laftof ke da shi, yana juyawa ne, da wata 'yar allura mai kai-kawo tana neman bayanai. Idan babban fayil ne guda ɗaya a jere, ba ya wahala. Inda yake shan wuya shi ne ƙananan fayiloli masu yawa da ke warwatse, irin waɗanda manhaja ke nema sa'ad da za ta buɗe, domin kowane nema yana cin kusan kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa ko fiye. Katin memori ba shi da abin da ke motsi a ciki, shi ya sa yake gano ƙaramin fayil da sauri. Windows sai ta kwafi waɗanda ka fi yawan buƙata ta ajiye a katin. Kamar tela ne da ya kafa kanta kusa da kekensa ya ɗora zare da almakashi: ya huta da zuwa sito, amma teburin yankansa bai ƙara faɗi ba. Teburin nan shi ne RAM.

Idan za ka gwada, ka nemi kati mai giga 8 ko 16 wanda ke da alamar A1 ko A2 a jikinsa. Alamar 10 da ke cikin da'ira saurin rubuta babban fayil kawai take nunawa, ita kuwa A1 tana tabbatar da karanta ƙananan bayanai sau 1,500 a daƙiƙa, kuma wannan ne ake buƙata a nan. Ka kwashe duk abin da ke ciki, ka yi masa fomatin da exFAT ko NTFS, domin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai giga 4. Sai ka buɗe This PC, ka danna katin da maɓallin dama, ka shiga Properties, daga nan shafin ReadyBoost. Ka zaɓi Dedicate this device to ReadyBoost, ka danna OK. Microsoft ta ba da shawarar wuri ya kai yawan RAM ɗinka zuwa ninki uku, ke nan giga 4 zuwa 12 a taka. Ka bar katin a ciki kullum, sai an yi kwanaki ana aiki kafin Windows ta koyi abin da ka fi buɗewa.

Wani lokaci Windows takan ƙi karɓar katin. Ko dai katin ya gaza a gwajin saurin da take yi masa, ko an kashe SysMain, ɓangaren Windows da ReadyBoost ke dogara da shi, a cikin Services, wanda wasu masu gyara kan kashe da niyyar rage nauyi. Idan SSD ne a kwamfutar, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta da abin da ke motsi a ciki, Windows da kanta za ta ce ba buƙata. A Windows 11 kuwa, tun daga fitowar 22H2 an cire shafin gaba ɗaya. Ka kuma kula da jabun kati, wanda aka rubuta 64 a jikinsa alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika katin ta sake karantawa ta tona asirinsa.

Gaskiyar magana, da RAM giga 4 bambancin da za ka gani kaɗan ne. Word zai iya ɗan saurin buɗewa, amma idan ka tara shafuka goma sha biyar a Chrome RAM ta cika, katin ba abin da zai yi maka. Ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai ka duba shafin Performance. Idan Disk ne ke maƙale a kashi 100, kuɗinka ya fi amfani a SSD na SATA mai inci 2.5, ko da giga 240 ne, wanda ke shiga gurbin tsohon faifan kai tsaye a yawancin irin waɗannan laftof. Idan Memory ce ta haura kashi 85, nan a shafin za ka ga ko akwai sauran gurbi, sai ka ƙara giga 4. Ka tabbatar da nau'in kafin ka biya, DDR3, DDR3L ko DDR4, don DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3.

Idan kuma tana ɗaukar zafi fankarta na ta kuka, musamman bayan hunturu, ƙura ce ta toshe mafitar iska, sai injin ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. A kai ta wajen mai gyara ya buɗe ya share, ya sauya man da ke kan furosesa.