Amsa ga Baffa kan rakiyar da muke yi wa juna a gabashin Jamus

Baffa, Allah ya ƙara girma. Ka tambayi dalilin da ya sa mu Hausawan nan ba ma barin baƙonmu ya koma gida shi kaɗai da dare, alhali ana cewa Turai akwai tsaro. Tsaron akwai shi, amma yankinmu na Saksoni yana da nasa tarihin.

Nan a da ƙasar gurguzu ce. Katangar Balin ta faɗi a 1989, aka haɗe Jamus a 1990, sai Treuhand, hukumar da aka ɗora wa sayar da kamfanonin gwamnatin Jamus ta Gabas, ta sayar da dubban masana'antu, wasu ta rufe su. Ma'aikacin da masana'anta ke riƙe da shi, tun daga aiki har wurin renon 'ya'yansa da hutun shekara, ya wayi gari babu ko ɗaya. Matasa suka kwashe zuwa yamma. Durkheim, ɗaya daga cikin magabatan ilimin zamantakewa, ya bayyana irin wannan hali tun tuni: idan ƙa'idojin da suka ɗaure jama'a suka kwance farat ɗaya, mutane kan rasa alƙibla. Masu tsattsauran kishin ƙasa suka samu ƙofa, suka nuna baƙo suka ce ga wanda ya ci rabonku.

Na fahimci ciwon, amma ban karɓe shi a matsayin uzuri ba. A 1991 an far wa ma'aikata 'yan Mozambik da Biyetnam a Hoyerswerda da ke nan Saksoni har aka kwashe su daga garin. A 2009 aka kashe Marwa El-Sherbini, Bamisriya mai juna biyu, cikin ɗakin kotu a Dresden. A 2024 jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Turingiya, maƙwabciyarmu, da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u, kuma ta fi ƙarfi a ƙananan garuruwan da baƙi ba su da yawa.

Shi ya sa in an tashi daga suna ko walima, maza biyu kan raka mai hijabi har tasha, su tsaya sai jirgi ya rufe ƙofa, ita kuma in ta shiga gida ta turo "na iso" a WhatsApp. Ranar zanga-zangar masu tsattsauran kishin ƙasa ana sanar da juna hanyar da za a kauce wa. Sabon zuwa kuwa, kafin a nuna masa shagon naman halal, sai an zaunar da shi an koya masa kada ya tanka wa mai zagi a titi, amma ya rubuta lokaci da wuri ya kai ƙara.

Kada ka ɗauka kulle kanmu muka yi. Da Sallah muna kai wa maƙwabta tuwo da nama, har tsohuwar da ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. Yaranmu kuma Jamusanci suke yi da karin harshen Saksoni, waɗanda suka samu takardar ɗan ƙasa muna matsa musu su fita su yi zaɓe.