Karatun otal karatu ne kuwa?

Tambaya: Anti barka da aiki, ɗana ya gama sakandare ya nace sai karatun otal, ni kuma wallahi gani nake aikin boyi-boyi ne, dama akwai jami'ar wannan?

Amsa: Akwai mana Hajiya. A Lausanne ta ƙasar Suwizalan akwai makarantar koyon harkar otal mai suna EHL, tun 1893 take koyar da wannan sana'a, ɗalibi zai shiga kicin, ya gyara ɗaki, ya tarbi baƙi, sannan a zo kan lissafin kuɗi da tafiyar da ma'aikata, manaja ake horarwa ba yaron aike ba. Tsada gare ta gaskiya. Amma ga NIHOTOUR, wato cibiyar gwamnatin tarayya ta koyar da harkar otal da yawon buɗe ido, a Bagauda nan Kano, ku je tare ki gani da idonki, don Allah kar ki kashe masa gwiwa.