Kawuna ya ce dare ya yi da hantsi, ni kuwa hazo na gani: hukuncin duhun husufin rana

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Kaduna. Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, hira ta kai mu ga husufin rana na 2006. Kawuna, wanda a lokacin yana kasuwanci a Gusau, ya ce ranar gari ya yi duhu ɗulum da hantsi, ya ga tauraro da idonsa, kaji suka nufi akurki, mata suna ta salati. Har ya ce duhun ya kai awa guda. Ni kuma ina makarantar sakandare a nan, abin da na gani bai wuce kamar hazon hunturu ba. Sai na ce masa a gaban mutane, "Kawu, wannan kam akwai ƙari." Ransa ya ɓaci, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Malam, wane ne yake kan gaskiya, kuma na yi laifi? Sannan a masallacinmu ba a yi sallar husufi ranar ba, don an ce ai gari bai yi duhu ba. Wane irin duhu ne yake sa a yi wannan salla?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kai da kawunka duka kun faɗi abin da kuka gani. Kuskurenka shi ne ka auna sararin Gusau da sararin Kaduna.

Husufin da kuke magana a kai ya faru ranar Laraba 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar 1427. Husufin rana ba ya zuwa sai a ƙarshen watan Musulunci, saboda a lokacin ne wata yake shiga tsakanin rana da ƙasa. Wata ya gaza rana girma kusan sau 400, amma kuma ya fi ta kusa da mu kusan sau 400, shi ya sa idan suka daidaita yake iya rufe fuskarta ruf. Wannan awo na Wanda ya ce rana da wata da lissafi suke, a aya ta 5 ta Suratur Rahman. To amma inuwar wata mai duhu siririya ce. A wannan rana faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Ta taso daga Burazil, ta tsallake Tekun Atlantika, ta bi ta Gana da Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta yamma, ta ratsa ta Gusau da Katsina wajen ƙarfe goma da rabi na safe, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya har Turkiyya. Wanda yake cikin wannan zirin ya ga rana ta rufe gaba ɗaya. Kaduna kuwa tana wajensa, duk da ba ta yi nisa da shi ba, don haka a nan akwai ɗan siririn baki na rana da ya rage a buɗe.

Wannan ɗan bakin shi ne ya raba ganinka da na kawunka. Hasken rana ya ninka na wata mai daren sha huɗu kusan sau 400,000. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na fuskarta ne ya saura, haskensa ya ninka farin wata sau dubbai. Ga shi kuma Allah ya halicci ido yana buɗewa a hankali gwargwadon raguwar haske, har mutum ba ya jin yawan abin da ya ragu. Ni ma ina Kaduna ranar. Abin da na riƙe shi ne zafi ya karye, hasken ya koma fari-fari kamar na mai jinya, kuma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar makarantarmu ɗigon hasken da yake ratso ganye duk ya koma siffar jinjirin wata, birjik a ƙasa. Ɗalibai suka yi ta nuna wa juna. Ban ga tauraro ba, kuma da wani daga unguwarmu ya ce mini ya gani da na yi mamaki. Amma mutumin Gusau yana ƙarƙashin wani hali dabam. Idan rana ta rufe gaba ɗaya, haske yakan zube a cikin 'yan daƙiƙu, sama ta koma kamar bayan magariba, gefen gari ta kowace kusurwa ya yi ja-ja, Zara ta fito fili, tsuntsaye da kaji su ruɗe. Duk abin da kawunka ya ambata sananne ne ga waɗanda suka taɓa shiga cikakken husufi.

Maganar awa guda ce kaɗai take buƙatar gyara. Cikakken duhun a ƙasarmu bai kai minti huɗu ba, kuma ko a wane husufi ne ba ya wuce kusan minti bakwai da rabi. Sai dai daga lokacin da wata ya fara cin gefen rana zuwa yayewarta gaba ɗaya an haura awa biyu, kuma firgici yana miƙar da lokaci a zuciyar mutum. Dattijon da ya haɗa waɗannan biyu a tunaninsa bayan shekaru masu yawa ya yi kuskuren tuni ne. Ƙaryar da ake zunubi a kanta ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba da gangan.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa mutane biyu masu gaskiya kan halarci abu ɗaya su ba da labari iri biyu, kuma misalin yana cikin wannan babi na husufi kansa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya bayyana karatu a sallar husufi. Ibnu Abbas kuwa cewa ya yi tsayuwar farko ta kai kimanin Suratul Baƙara, maganar mai kirdado, kamar wanda bai ji abin da aka karanta ba. Waɗanda suka zaɓi bayyanawa, irin su Imam Ahmad, suka ce Ibnu Abbas yaro ne a lokacin, mai yiwuwa yana can sahun baya. Imam Malik da Imam Shafi'i suka zaɓi asirtawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce wani sahabi ya yi ƙari. Sun tambayi inda kowa ya tsaya ne. Kuma suna da ƙa'ida cewa mai tabbatar da abu ana gabatar da shi a kan mai korewa, domin yana da ƙarin sani. Kawunka ya ce ya gani, kai kuma iyakar abin da za ka iya rantsewa a kai shi ne kai ba ka gani ba a Kaduna.

Saboda haka e, ka yi laifi, ta fuska biyu: ka ƙaryata abin da ba ka da sani a kansa, alhali aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana bin abin da mutum ba shi da ilimi game da shi, sannan ka kunyata ɗan'uwan mahaifiyarka a bainar jama'a. Babu kaffara a kanka, sai istigfari da ban haƙuri. Ka same shi har gida, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ka bincika ka gane Gusau tana cikin inuwar, Kaduna ba ta ciki. Tunda a gaban mutane ka faɗa, ka kuma gyara a gaban su. Zancen awa guda kada ka tayar da shi ranar ban haƙuri.

Game da salla kuwa, abin da aka faɗa a masallacinku ba daidai ba ne, kuma wannan ya fi damuna a kan gardamar hira. Shari'a ba ta rataya wannan salla a kan duhun gari ba. Ta rataya ta a kan ganin husufin. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Sai Annabi (SAW) ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun ga haka ku roƙi Allah, ku yi kabbara, ku yi salla, ku yi sadaka. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Ka lura da lafazin: idan kun gani. Malamanmu na Malikiyya sun fassara husufi da gushewar hasken rana duka ko sashensa, matuƙar abin da ya gushe bai yi ƙanƙantar da masana kaɗai ke gane shi ba. Na Kaduna a 2006 ya wuce nan nesa ba kusa ba, domin kusan dukkan fuskar rana ta rufe. Haka ma na 3 ga Nuwamba 2013 da na 1 ga Satumba 2016, waɗanda a ƙasarmu sashen rana kawai suka ci.

Sallar sunna ce mai ƙarfi a wurin mafi yawan malamai, don haka barinta ba zunubi ba ne, amma an rasa alheri mai yawa, kuma ba a rama ta idan rana ta yaye. Raka'a biyu ce, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu da sujada biyu, babu kiran salla babu iƙama, sai dai a yi shela da "assalatu jami'a". A Malikiyya liman yana karanta Baƙara a tsayuwar farko, sai Ali Imrana, sai Nisa'i, sai Ma'ida, ko kwatankwacinsu, a asirce. Babu tsayayyar huɗuba a bayanta, amma babu laifi ya yi wa'azi. Ya sassauta idan jama'a ba za su iya ba. Wanda ya so ya yi ta a gidansa, kamar yadda Risala ta faɗa, don haka ko masallaci bai yi ba, kai kana iya yi. Lokacinta a mazhabarmu kamar na idi ne, daga ɗagowar rana zuwa zawali. Idan husufin ya zo bayan zawali, irin na 2013, Shafi'iyya suna yin ta duk lokacin da aka gan shi, kuma wanda ya bi su yana da hujja a zahirin hadisin, kada a yi masa inkari.

Ko da gari ya yi baƙi ƙirin da tsakar rana, lokutan salla ba sa canzawa. Ba a kiran magariba, mai azumi ba ya shan ruwa, domin Allah ya ce a cika azumi zuwa dare, dare kuwa da faɗuwar rana yake shiga.

Sanarwar masana taurari kafin husufi ba duba ba ce, lissafi ne, kuma yana da amfani don liman ya shirya jama'a. Lissafinsu ya nuna cikakken husufi zai bi ta kan Makka da Jidda ranar 2 ga Agusta 2027, wani kuma zai ratsa Najeriya ranar 20 ga Maris 2034, in Allah ya so. Amma ba a tayar da salla da sanarwa kaɗai, sai an ga ya auku a garin da ake ciki. Idan hadari ko ƙura ya rufe sama tun farko har ba a ga komai ba, babu salla.

Ina roƙonka ka isar da wannan ga 'yan unguwarku: ganin da shari'a take nufi ba ya buƙatar ƙura wa rana ido. Kallon ta kai tsaye yana ƙona bayan ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, kuma baƙin tabarau na kasuwa, ko gilashin da aka turara da hayaƙi, ko leƙa ta a kwanon ruwa, duk ba sa karewa. Jefa ido cikin wannan cuta da gangan bai halatta ba. A huda takarda da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya faɗa kan wata takardar a ƙasa, za a ga yadda wata ya ci fuskarta. Ko a duba inuwar bishiya. Idan amintattu suka tabbatar da haka, ya isa liman ya sa a yi shela.

Wallahu a'alam.